Ladan Mai Gyara da Amanar da ke Hannunsa

Gyaran abin da ke sanyaya ɗaki ko ɗumama shi ciniki ne da mutum ɗaya yake gani, ɗayan kuma yake cikin duhu. Wanda ya je sayen buhun masara zai zura hannu ya ɗebo daga ƙasa, ya duba ƙwaya, ya ciza ya ji ko ta bushe. Wanda fankarsa ta tsaya, ko firizar matarsa ta daina ƙanƙara, ba shi da wannan dama. Bai san abin da ya lalace ba, bai san kuɗin abin da za a canza ba, kuma ko an gama aikin ba zai iya tantance ko an canza ɗin ba. Daga nan tambayoyi uku suke tasowa, kuma dukkansu na addini ne kafin su zama na kasuwa: nawa ya halatta mai gyara ya karɓa, wa ke ɗaukar asara idan kaya ya lalace a hannunsa, da wane ma'auni ake zaɓen wanda za a miƙa wa aiki. Malaman fiƙihu sun yi maganarsu a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ƙarnoni kafin a san wutar lantarki.

Karaye da Rogo, inda za a ɗauki misali, ƙananan hukumomi ne biyu a yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne dokar shekarar 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Karaye. Yanayinsu irin na sauran ƙasar Kano ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuma hunturu kan sa tsoho ya kasa fita sallar asuba ba tare da bargo ba. A da, magini ne ke maganin duka biyun. Katangar ƙasa mai kauri da soro mai azara suna shanye zafin rana a hankali, su sake shi da dare, saboda haka ɗakin yakan yi sanyi da azahar, ya yi ɗumi da asuba. Ruwa na sanyi a randa da tulu. Idan sanyi ya tsananta a hura gawayi a kasko, mai jego kuma a hura mata wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Gyaran wannan tsari a fili yake: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, canza azarar da gara ta ci. Mai gida na tsaye yana kallo, ya san ƙasar da aka kwaɓa, ya ƙirga kwanakin da aka yi.

Bulo da rufin kwano sun sauya lamarin. Ɗakin kwano, musamman wanda ba a yi masa silin ba, tanderu ne da rana, da dare kuma ba ya riƙe ɗumi. Sanyin da gini ke bayarwa kyauta sai ya koma abin da ake saye da na'ura: fankar sama, fankar tsaye, fanka mai caji, firij, firiza, a ɗaiɗaikun gidaje da ofisoshi kuma na'urar sanyaya ɗaki. Dukkansu suna buƙatar wuta. Kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a shekarar 2013, har yau jama'a Nepa suke kiransa, kuma a garuruwan karkara wutarsa ba abin dogaro ba ce. Wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙima, duka biyun kuma suna ƙona kaya. Shi ya sa janareta da sola suka shiga lissafi, kowanne da nasa mai gyaran.

Ga gidaje da yawa firiza jari ce, ba jin daɗi ba. Matar da ke cikin gida tana ƙulla zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, yara su kai talla, da ribar take sayen sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Mai shagon lemo a Rogo ko Zarewa, da mai sayar da kifin da aka kamo a madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, duk hannunsu na kan sanyi. A 'yan shekarun baya azumi ya riƙa faɗowa cikin bazara, lokacin da ƙanƙara ta fi daraja. Firizar da ta mutu ranar uku ga Ramadan ta kwana goma a shagon gyara ta cinye ribar da ake jira shekara guda. Duk wanda zai auna nauyin amanar mai gyara, da wannan ya kamata ya auna.

Kuɗin gyara kashi uku ne, ko da ba a faɗa ba: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kuɗin hanya. A fanka, abin da ya fi yawan lalacewa shi ne kafasta, ƙaramin abu mai araha da ke ba ta ƙarfin tashi. Idan ta mutu, fanka kan yi gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, ko ta riƙa juyawa a sanyaye. Canza ta aikin 'yan mintuna ne. Sama da ita akwai boris, wanda idan ya cinye fanka ke ƙara. Mafi tsada shi ne ƙonewar koyil, domin sai an warware wayar da ta ƙone an yi sabon naɗi, kuma kuɗinsa kan ci kaso mai yawa na kuɗin sabuwar fanka. A firij da firiza tsanin haka yake: ƙananan abubuwan da ke tayar da inji ko daidaita sanyi suna ƙasa, toshe yoyo da ɗura gas na tsakiya, kwamfuresa kuma, wadda ita ce zuciyar na'urar, tana can sama. A sola, farantan kan daɗe shekaru, batir ne ke mutuwa, shi ne kuma ke cin kuɗi. Abin lura shi ne alamomin sun yi kama da juna. Fankar da kafasta ta kashe da wadda koyil ya kashe duk a tsaye suke. Firij ɗin da ƙaramin abu ya hana shi tashi da wanda kwamfuresarsa ta ƙone duk ba sa sanyi. Tsakanin gyara mafi araha da mafi tsada babu abin da ya raba sai maganar mai gyara.

Kuɗin hanya kuwa ya fi damun mutumin Karaye da Rogo fiye da mutumin birni. Kayan gyara masu nauyi daga Kano ake sayo su, a Kasuwar Sabon Gari da titunan da ke kewaye da ita, wasu mutanen Rogo kuma, da yake suna kusa da iyakar Kaduna, sukan nufi Zariya. Tafiyar tana cin kuɗin mota da yini guda. Wanda yake Yammedi ko Turawa ko Fulatan sai ya fara ɗaure firij a bayan babur ko a kura ya kai shi gari kafin a fara maganar gyara. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin man fetur, da kuma watan Yuni na shekarar da aka saki darajar naira, duk kashi ukun sun tashi tare. Litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Dala, wadda da ita ake shigo da kwamfuresa da batir da wayar naɗi, ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wannan ba labarin tattalin arziki kaɗai ba ne, domin ya taɓa hukuncin shari'a kai tsaye, kamar yadda za a gani.

A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil ake karantawa a zaurukan ƙasar Kano, ijara ba ta inganta sai an san aikin, an kuma san ladan. Dalili shi ne ijara ciniki ce, abin da ake saye a cikinta shi ne amfanin hannun mutum, ciniki kuma ba ya ƙulluwa a kan abin da ba a sani ba. Akwai wani ƙulli na biyu, ji'ala, wanda ya yi kusa da abin da Bahaushe ke kira jinga: a ce wa mutum idan ka tayar da firizar nan kana da kaza, idan ba ta tashi ba ba ka da komai. Wannan ma ya halatta, ya kuma dace da gyaran da ba a san zurfinsa ba. Amma dole a san a kan wanne aka tsaya. Rigima da yawa daga nan take farawa: mai gyara ya yi yini biyu yana fama, abu bai tashi ba, yana ganin guminsa na da lada, mai kaya kuma yana ganin bai sayi gumi ba, sanyi ya saya.

A aikace, ba kasafai ake yanke lada ba. Dattijo ya aika a kira masa mai gyaran fanka, wanda ɗan maƙwabcinsa ne, ya girma a gabansa. Yaron ya hau benci, ya kwance, ya ɗaura, fanka ta tashi. Dattijon ya ce, "To, nawa ne kuɗinka?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ai ba ciniki tsakaninmu, duk abin da ya sauwaƙa." Dattijon ya zaro abin da ya saba bayarwa shekara uku da suka wuce, ya sa masa albarka. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya fita, a waje ya ƙirga ya ga kuɗin bai kai na kafastar da ya saka ba. Bai ce komai ba. Gobe idan aka sake kiransa zai ce yana zuwa, ba zai zo ba, ko ya zo ya faɗi kuɗin kaya sama da yadda yake domin ya fanshe. Kowannensu ya rabu da ɗan'uwansa da ƙulli a zuci, kuma kowanne yana ganin kunya ya yi.

Malamai ba su jahilci wannan ɗabi'a ba. An ruwaito Imamu Malik ya sassauta ga mutumin da ke da telan da suka saba, wanda ba sa saɓani, ya ba shi ɗinki ba tare da yanke lada ba, in ya gama su daidaita. Haka kuma inda al'ada ta tsayar da farashi, kamar na wanzami, al'adar tana tsayawa matsayin magana. Idan aka yi aiki ba a yanke ba kuma aka saɓa, sai a koma ga ladan da masana sana'ar suka ce irin wannan aiki yana ci. To amma duk wannan sassauci a kan abu ɗaya ya dogara: a ce akwai farashin da kowa ya sani. Lokacin da kuɗin kaya ke canzawa tsakanin wannan kasuwa da mai zuwa, al'ada ba ta da abin da za ta tsayar. Abin da dattijo ya sani a matsayin ladan gyaran fanka da abin da yaro ya sani sun riga sun rabu. Saboda haka, a halin da ake ciki, barin lada a buɗe ya fita daga sassaucin da aka yi, ya koma cikin rashin sanin da shari'a ta hana. Kunya halin kirki ce, amma kunyar da ke hana faɗin farashi a gaba ta bar zargi a baya ba ta kare mutuncin kowa. Wanda yake son ya kyautata wa dattijo, ya faɗi kuɗin tukuna, sannan ya ce ya yafe rabi ko duka. A nan ne kyautar take zama kyauta, domin wanda aka yi wa ya san an yi masa.

Kuɗin kaya shi ne inda ƙafar mutanen kirki ta fi zamewa. Mai gyara ya ce kwamfuresa kaza ce a Kano, a ba shi ya sayo. Ya samo ta ƙasa da haka, ya riƙe sauran, yana cewa a ransa ai wahalarsa ce, ko ai saboda sanayyarsa aka yi masa ragi. Hukunci a nan ya danganta da matsayinsa. Idan da kuɗinsa ya sayo kayan ya ajiye a shago, shi ɗan kasuwa ne, yana da ikon ya ɗora riba, kuma Malikiyya sun halatta a haɗa sayarwa da ijara a ƙulli ɗaya: ya sayar da kafasta, ya kuma karɓi ladan ɗaura ta. Idan kuwa kuɗin mai kaya ya karɓa domin ya sayo masa, to wakili ne, wakili kuma amintacce ne da aka aika. Ragin da aka yi masa na wanda ya aike shi ne, canjin da ya rage ma haka. Yana da damar ya ce tun farko kuɗin motata kaza, ladan yinina kaza. Ba shi da damar ya ɓoye ladansa a cikin kuɗin kaya. Adadin kuɗin da zai shiga aljihunsa yana iya zama ɗaya a hanyoyin biyu, amma ɗaya halal ne, ɗaya cin amana. Gaskiya ce kuma cewa masu kaya suna da hannu wajen haifar da wannan ɗabi'a: mutum zai biya kuɗin ƙarfe ba musu, amma ya tsaya ciniki kamar zai yi faɗa a kan ladan hannu, kamar ilimin da ya gano cutar ba shi da daraja.

Algus kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama ya isa hujja, kuma cikin na'ura ya fi ƙasan buhu ɓuya. Yin naɗi da wayar alminiyam a karɓi kuɗin ta tagulla algus ne. Saka kwamfuresa ta hannu a ce sabuwa ce algus ne, ko da tana aiki, alhali da an faɗa da babu laifi, domin kayan kwatano na da kasuwarsu. Akwai kuma wanda ya fi su yaɗuwa. Gas ɗin firij ba ya ƙarewa kamar man babur, a rufe yake yana zagayawa cikin bututu. Idan ya ragu, akwai yoyo. Wanda ya ɗura gas bai nemo yoyon ya toshe ba, yana sane, ya sayar wa mai kaya sanyin 'yan makonni ne, ya kuma tanadar wa kansa wani aikin nan gaba.

Tambaya ta biyu ita ce ta asara, kuma a nan Malikiyya suke da matsayin da ya shahara. Asalin ƙa'ida shi ne wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma an cire masu sana'a daga wannan ƙa'ida. Mai sana'ar da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, ya karɓi kaya ya tafi da shi inda mai shi ba ya gani, shi ke lamunin kayan. Idan ya ɓata ko ya lalace zai biya ƙimarsa ta ranar da aka ba shi, ko da kyauta yake aikin. Cewarsa an sace ko gobara ta ci ba ta wadatar ba, sai ya kawo shaidu cewa kayan ya halaka ba da sakacinsa ba, in kuma shaidar ta tabbata ya kuɓuta daga biya, ladansa ma ya faɗi. A maganar da ta fi shahara a mazhabar, ko ya gindaya sharaɗi tun farko cewa ba ruwansa da abin da ya faru, sharaɗin ba ya aiki. Idan yaron shago ne ya ɓata, ogansa ne ke ɗauka, domin shi aka bai wa.

Iyakokin hukuncin suna da muhimmanci kamar shi kansa. Idan a gidan mai kaya aka yi aikin, ko a gabansa, mai gyara ya koma amintacce, sai an tabbatar da sakacinsa. Fankar sama da aka gyara a ɗaki da firij ɗin da aka kai shago ba hukuncinsu ɗaya ba. Idan aikin da kansa mai haɗari ne, wanda ko gwani zai iya rasa shi, malamai sun ba da misali da huda lu'ulu'u da sassaƙa dutsen zobe, ba a ɗora masa biya sai ya kauce wa yadda ake yi. Farfaɗo da tsohuwar kwamfuresa da ta riga ta fara mutuwa ya yi kama da wannan, muddin an gaya wa mai ita tun farko. Idan kuma ya gama aiki yadda aka yi sharaɗi, ya gabatar da kayan ga mai shi, an biya shi, mai kayan ya ce a bar masa a nan tukuna, to ya zama ajiya, ajiya kuma ba a biyanta sai da sakaci. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon mai gyaran firij ya ga tarin kayan da masu su suka manta da su shekara da shekaru zai gane amfanin wannan iyaka.

Sauran mazhabobi ba su tafi tare a kan wannan ba. Abu Hanifa yana ganin irin wannan ma'aikaci amintacce ne a kan abin da ya ɓata ba da aikinsa ba, amma almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun ɗora masa biya sai a abin da ya fi ƙarfin kowa. Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya kawo mas'alar a littafinsa Al-I'itisam a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a: mutane ba za su iya rayuwa ba tare da masu sana'a ba, kaya kuma suna ɓuya a hannunsu, da za a gaskata kowa da bakinsa da dukiyoyi sun salwanta ko kuma mutane sun daina ba da aiki. Wani malamin Maroko, Ibn Rahhal, ya rubuta littafi sukutum a kanta. Masana tattalin arziki na Amurka sun iso wurin daga wata hanya. George Akerlof ya nuna a 1970 cewa kasuwar da mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau takan kori mai kyau, domin ba wanda zai biya kuɗin nagarta da ba ya gani. Wannan shi ne abin da ya kamata masu gyara su fahimta. Hukuncin lamuni ba tuhuma ba ce a kansu. Shi ne ke sa mace ta iya miƙa jarinta gaba ɗaya ga wani ta koma gida ta yi barci, shi ne kuma ke kare gwani mai gaskiya daga ɗan koyon da ke karya farashi saboda ya san ba abin da zai biya.

Nauyin bai tsaya a kan mai gyara ba. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutane uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umarnin a gaggauta biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. "Ka dawo gobe" daga bakin wanda yake da kuɗin a aljihu zalunci ne, ya fi muni kuma idan mai faɗin babban mutum ne da yaron ba zai iya tsayawa a ƙofarsa ya yi magana ba. Shari'a ta bai wa mai sana'a damar riƙe kaya har a biya shi, kuma idan aka saɓa a kan lada alhali kayan na hannunsa, abin da ya faɗa kuma ya yi daidai da hankali, maganarsa ake ɗauka tare da rantsuwa. Haka nan wajibi ne mai kaya ya faɗi gaskiyar tarihin abinsa. Wanda ya ɓoye cewa wani ya riga ya buɗe firij ɗin ya jagwalgwala, ko cewa ƙaramin janareta yake ɗora masa, sannan ya ɗora laifin mutuwarsa a kan na ƙarshen da ya taɓa shi, shi ma ya yi algus.

Game da zaɓen mai gyara, Alƙur'ani ya ba da ma'auni a Suratul Ƙasas, inda ɗaya daga cikin 'yan matan da Annabi Musa ya shayar wa dabbobi ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfi a wannan sana'a shi ne iyawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Mutum ya ba wa wanda suke sahu ɗaya a masallaci wayarin gidansa saboda ya yarda da addininsa, alhali bai san kaurin wayar da za ta ɗauki firiza ba. Kyakkyawar niyya ba ta hana waya yin zafi. Firij na zamani da yawa suna aiki da gas mai suna R600a, wanda yake kama wuta, kuma wanda bai san haka ba ya kusanto shi da wutar walda yana wasa da rai. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba, ko da zuciya ɗaya, ya ci amana tun daga karɓar, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zaɓe da arha kaɗai shi ma ba ma'auni ba ne, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

A gari irin Karaye ko Rogo ba a buƙatar takardar shaida kafin a san mutum. Ana tambayar wanda ya koya masa aiki da ko an yaye shi, ana tambayar wanda ya yi wa gyara bara ko abin yana nan yana aiki. Akwai kuma alamomin da ake gani da ido: yana gwadawa da mita kafin ya yanke hukunci ko daga kallo yake cewa koyil ne, yana raba kuɗin kaya da na aiki, yana mayar wa mai kaya abin da ya cire, yana yarda a je a sayo kayan tare ko a kawo rasit, yana faɗin kwanakin da ya lamunce aikinsa. Mafi girman alama ita ce ya iya cewa wannan ba aikina ba ne, a kai wa wane, ko ya ce wannan gyaransa asara ce, gara a sayi wani. Mutumin da ya iya barin kuɗi ya wuce saboda gaskiya a ƙaramin aiki, shi ake miƙa wa babba. A ɓangaren ɗumi, inda har yanzu kasko ya fi na'ura yawa, shawarar da ta fi kowane gyara daraja kyauta ce: gawayi a rufaffen ɗaki, kamar hayaƙin janareta a tsakar gida kusa da taga, yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe masu barci.

Hukuma ma tana da rabonta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da aka nemi ya yi, ko da yake wasu malaman Malikiyya sun halatta shi idan cutarwa ta bayyana. Ƙayyade ladan gyara a lokacin da kuɗin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya ba zai yi aiki ba. Abin da zai yi aiki shi ne kula da masu sana'ar kansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙarsa Usulus Siyasa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa tanadar masu sana'a a kowane gari da ƙarfafa su cikin ayyukan shugaba. Tsarin gargajiya yana da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, waɗanda ake kai wa ƙara idan ɗan sana'a ya ɓata aiki, su kuma suke sanin gwani da ɗan koyo. Masu gyaran fanka da firij da sola sana'arsu sabuwa ce, amma buƙatar ɗaya ce. Yau rigimarsu kan tsaya a gaban mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba, wadda Jihar Kano ta kafa wa hukuma a 2003, ko kotun shari'a, kuma a duk wuraren nan tambayar farko ita ce a kan me aka yi yarjejeniya, amsar da aka fi ji kuma ita ce ba a yi ba. Ya kamata limaman Karaye da Rogo su karantar da babin ijara kafin bazara kamar yadda suke karantar da babin azumi kafin Ramadan, shugabannin masu gyara kuma su wajabta wa kowane shago littafin da za a rubuta sunan kaya, da cutarsa, da kuɗin kaya, da kuɗin aiki, da ranar karɓa, a gaban mai shi, kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.